Daga Ƙoƙon Kan Tarwaɗa Zuwa Allurar Wata-Wata: Tarihin Rarrabe Ciwon Ɓarin Kai Da Ciwon Kai Na Gajiya

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta kai su ga sauraro ba, da kuma masu sha'awar karatu.

Yau tarihin wani ciwo za mu bi, ciwon da kusan babu wanda bai taɓa ɗanɗana ba a cikinmu: ciwon kai. Wani zai ce, to ciwon kai ma har wani tarihi gare shi? Yana da shi kuwa, na sama da shekara 3,000. In ka bi tarihin sannu a hankali, za ka ga abu guda likitoci suka yi ta fama da shi, wato gane cewa ciwon kai iri-iri ne. Akwai mai kama ɓari guda yana bugawa, ya zo da tashin zuciya. Shi muke kira ciwon ɓarin kai, Turawa su ce maigiren. Akwai kuma mai ɗaure kai gaba ɗaya kamar an matse maka rawani, wanda a shirin nan zan riƙa kira ciwon kai na gajiya. Sai da aka yi ƙarnuka kafin a raba su, amma mu yau sai mu faɗa kemis mu ce "ba ni maganin ciwon kai", a ɗauko mana duk abin da hannu ya kai, kamar duk kanwar ja ce.

Mu fara daga Masar. Akwai wata doguwar takardar magunguna da aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ana kiranta takardar Ebers, da sunan Bajamushen da ya saye ta a ƙarni na 19, kuma yanzu tana ajiye a jami'ar Leipzig ta Jamus. Cikin ɗaruruwan magungunan da ke cikinta akwai na ciwon da ke kama rabin kai: a soya ƙoƙon kan tarwaɗa a mai, a shafa wa mara lafiya a ka. Kar ka yi dariya tukuna. Tarwaɗar dai ba ta warkar da kowa ba, amma ka lura, tun lokacin sun ware ciwon rabin kai sun ba shi maganinsa daban.

Daga nan sai Girkawa. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), rubuce-rubucen da ake jingina wa Hippocrates sun kawo labarin mutumin da ke ganin wani haske yana walƙiya a gaban idonsa, daga baya ciwo mai tsanani ya kama shi a gefen kai, in ya yi amai ya ji sauƙi. Duk mai ciwon ɓarin kai da ya ji wannan zai ce ai ni ake nufi. Bayan shekaru ɗaruruwa, wani likita mai suna Aretaeus, mutumin Kapadokiya da ke cikin Turkiyya ta yau, ya kasa ciwon kai gida uku: mai sauƙi da ke wucewa da wuri, mai naci da ke daɗewa, da mai kama ɓari guda wanda ke sa mutum ya guji haske ya nemi duhu. Sai Galen, wanda malaman Larabawa ke kira Jalinus, ya zo a ƙarni na 2 ya raɗa wa na ukun suna hemikraniya, ma'ana rabin ƙoƙon kai. Wannan kalma ce ta yi ta gogewa a bakin Rumawa da Faransawa har ta zama maigiren.

Larabawa kuwa shaƙiƙa suke ce masa, daga kalmar da ke nufin tsagi ko ɓari. Ya zo a Sahihul Bukhari, daga Ibn Abbas, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi ƙaho a kansa yana cikin harami saboda shaƙiƙa da ke damunsa. Ka ga kenan a Hijaz ta ƙarni na 7 ciwon yana da sunansa na kansa. Da ilimin likitanci ya bunƙasa a ƙasashen Musulmi, sai aka ƙara faɗaɗa bayani. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya ware babi-babi na ciwon kai a littafinsa Al-Ƙanun: ga suda'i, wato ciwon kai na gama-gari, ga shaƙiƙa, ga kuma wanda ke rufe kai duka kamar kwalkwali. A Andalus kuma, Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1013, ya rubuta yadda ake ɗora ƙarfe mai zafi a gefen kai, ko a tsaga fata a cusa tafarnuwa. Maganin da zafi, ba shakka. Amma ba a kai wa ga ƙarfe sai an tabbatar wane irin ciwo ne, kuma sai magunguna masu sauƙi sun gaza.

To a nan aka tsaya na tsawon lokaci. An iya rarrabewa da ido da tambaya, amma ba a san abin da ke faruwa a cikin kan ba, saboda haka magani ya zama lalube cikin duhu. Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na wata Baturiyar Ingila, Anne Conway, masaniyar falsafa, wadda ciwon kai ya kama tun tana yarinya bai sake ta ba har rasuwarta a 1679. Babu abin da ba a gwada mata ba. An ba ta zaiba ta sha, an zubar mata da jini, har Faransa ta je don a huda mata ƙoƙon kai, likitocin suka ji tsoro suka tsaga jijiyoyin wuyanta a maimakon haka. Ɗaya daga cikin masu duba ta, Thomas Willis, ya rubuta labarin ciwonta a littafinsa na 1672, kuma shi ne ya karkata ga cewa jini ne ke cika jijiyoyin kai ya kumbura su.

Daga nan aka shiga wata muhawara da ta ci shekara kusan 300. Ɓangare guda sun ce laifin jijiyoyin jini ne. Ɗaya ɓangaren sun ce a'a, daga ƙwaƙwalwa abin yake tasowa. A 1873 wani likitan Ingila, Edward Liveing, ya fitar da littafi guda a kan ciwon ɓarin kai, ya kwatanta shi da guguwa mai tasowa a jijiyoyin saƙo na ƙwaƙwalwa. Sai dai masu ra'ayin jijiyar jini sun fi samun kasuwa, saboda su ne suka fara zuwa da magani. A 1918 Arthur Stoll, a kamfanin Sandoz na Suwizalan, ya tace wani sinadari mai suna ergotamin daga wata cutar tsiro da ke kama wani hatsin Turai mai kama da alkama, kamar dai yadda burtuntuna ke kama dawa. Cikin shekarun 1920 aka fara ba masu ciwon ɓarin kai, ya yi aiki. A 1938 John Graham da Harold Wolff a birnin New York suka auna bugun jijiyar gefen kai, suka nuna cewa in ergotamin ya tsuke ta ciwon na raguwa. Shike nan, kowa ya ce magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. A 1941 wani masani ɗan Amurka, Karl Lashley, wanda shi kansa yana fama da ciwon, ya riƙa zana hasken da yake gani kafin ciwon ya sauka. Da ya yi lissafi sai ya ce lallai akwai wani abu da ke rarrafe a bayan ƙwaƙwalwa, wajen milimita 3 a minti ɗaya. Bayan shekara uku, a 1944, wani ɗalibi ɗan Burazil a jami'ar Harvard, Aristides Leão, ya gano irin wannan igiya a ƙwaƙwalwar zomo, tana tafiya da kusan wannan saurin, tana kashe aikin wurin na ɗan lokaci. Wannan ita ce bayanin walƙiyar da Girkawa suka rubuta tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Yanzu bari mu waiwayi ɗaya ciwon, don za ku lura tun ɗazu labarin ɓarin kai kawai nake ba ku. Dalili shi ne ciwon kai na gajiya, duk da ya fi kowanne yawa a duniya, bai samu masu rubuta tarihinsa ba. Ba ya kwantar da mutum, ba ya sa amai, sai aka raina shi. Wasu likitoci ma suka ce duk a zuci ne. A 1962 wani kwamitin masana a Amurka ya ba shi suna ciwon kai na ɗaurewar tsoka, bisa tunanin cewa naman wuya da na fatar kai ne ke ƙullewa. Da aka zo aka auna tsokar da na'ura, sai aka ga bayanin bai cika ba: akwai masu ciwon da tsokarsu lafiya lau, akwai masu ciwon ɓarin kai da wuyansu ke ɗaurewa fiye da nasu. Rikici ya ƙaru, likita a Landan ya ce wannan ne, na Tokyo ya ce wancan ne, a kan mutum iri ɗaya.

Shekarar da ya kamata ku riƙe ita ce 1988. A shekarar ne ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya, ƙarƙashin jagorancin Jes Olesen ɗan ƙasar Denmak, ta fitar da ma'auni na farko da duniya ta amince da shi. An sabunta shi a 2004 da 2018, amma ƙashin bayansa na nan. Kuma abin da zai ba ku mamaki, babu gwajin jini a ciki, babu hoton ƙwaƙwalwa. Tambayoyi ne kawai.

Ga yadda suke. Ciwon ɓarin kai yana ɗaukar awa 4 zuwa 72 in ba a sha magani ba. Yawanci ɓari guda yake kamawa, yana bugawa kamar ana daka, yana da ƙarfin da zai hana ka aiki, kuma in ka hau bene ko ka sunkuya sai ya ƙaru. Yana zuwa da tashin zuciya ko amai, ko kuma ka ji haske da ƙara sun zame maka azaba. Wasu, kusan ɗaya cikin uku, suna fara ganin walƙiya ko layuka masu lanƙwasa, ko hannu da leɓe su yi sanyi kamar ana tsira allura, na minti 5 zuwa 60 kafin ciwon. Shi kuwa ciwon kai na gajiya yana iya ɗaukar minti 30 har zuwa kwana 7. Ɓangarorin biyu yake kamawa, matsewa yake yi ba bugu ba, ƙarfinsa kaɗan ne ko matsakaici, tafiya ba ta ƙara shi, kuma babu amai. In kana son gajeriyar hanya, tambayi kanka: ciwon nan ya taɓa sa na bar aiki na nemi ɗaki mai duhu? Yana tayar min da zuciya? In amsar e ce, to da alama ɓarin kai ne, ko da a ɓangarori biyu kake jin sa. Mutum ɗaya kuma yana iya samun duka biyun a lokuta daban-daban.

Me ya sa rarrabewar ke da muhimmanci? Saboda maganin ma ya rabu. Asfirin ya fito daga kamfanin Bayer a 1899, farasitamol ya shiga kasuwa cikin shekarun 1950, ibufurofen kuma aka fara rubuta wa marasa lafiya a Ingila a 1969. Waɗannan ukun sun isa ga yawancin ciwon kai na gajiya, tare da gyara barci, shan ruwa, cin abinci a kan lokaci, motsa jiki da rage doguwar sunkuya a kan waya. In ya zama na kullum, wato kwana 15 ko fiye a wata har tsawon wata uku, akwai amitriptilin, wanda likitan Ostireliya James Lance da abokin aikinsa suka nuna amfaninsa tun 1964. Ɗan kaɗan ake sha da dare, kuma likita ne ke rubuta shi.

Ciwon ɓarin kai shi ma sau da yawa yana jin asfirin ko ibufurofen, in an sha da wuri tun yana farawa, wani lokaci tare da maganin amai. In sun gaza, akwai nasa na musamman. A 1991 sumatriptan ya fito, wanda Patrick Humphrey da tawagarsa suka haɗa a kamfanin Glaxo na Ingila. Ba ya yi wa ciwon haƙori ko ciwon baya komai, ɓarin kai aka yi shi domin shi. Sai dai mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, bai kamata ya sha ba. Ga wanda ciwon ke yawan dawo masa kuma akwai magungunan rigakafi da ake sha kullum, irin su propranolol, wanda asali maganin zuciya ne, cikin shekarun 1960 aka lura masu shan sa ciwon kansu na raguwa.

Ƙarshen waccan muhawara ya fara bayyana a 1990, lokacin da Peter Goadsby da Lars Edvinsson suka ɗebi jini daga wuyan masu ciwon ɓarin kai ana tsakiyar ciwon, suka tarar wani sinadari mai suna CGRP, da jijiyoyin saƙo ke fitarwa, ya hau. Aka yi shekaru ana neman abin da zai toshe shi, har a watan Mayun 2018 Amurka ta amince da erenumab, allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Yau masana sun tafi a kan cewa ciwon ɓarin kai cuta ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo, kuma tana bin jini a dangi. Liveing ya fi kusa da gaskiya kenan. Amma farashin allurar da ta fito dala 575 ne a wata, kun ga ba da mu aka yi lissafin ba.

Akwai wani babi na tarihin nan da ya fi shafar mu kai tsaye. A 1951 likitoci biyu a asibitin Mayo na Amurka, Peters da Horton, suka lura masu yawan shan ergotamin suna komawa ciwon kai na kullum, kuma in sun daina sai su samu sauƙi. A daidai wannan zamani, a masana'antun agogo na Suwizalan, ma'aikata sun mayar da ƙwayar ciwon kai mai sinadarin fenasitin kamar goro, har ƙodar da yawa daga cikinsu ta lalace. Wannan sinadari yana cikin ƙwayar APC da iyayenmu suka sani (ƙwaya nake nufi, ba jam'iyya ba), kuma daga baya ƙasashe suka hana shi. Darasin da aka koya shi ne maganin ciwon kai da kansa yana haifar da ciwon kai. Ma'aunin yau ya fayyace: wanda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko tiramadol, kodin, triptan ko haɗaɗɗun ƙwayoyi masu kafen kwana 10 ko fiye a wata, har sama da wata uku, yana cikin haɗarin wannan tarko. Kai ya yi ciwo ka sha, maganin ya sake ka ciwon ya dawo, ka ƙara sha.

Yanzu ku ɗora wannan a kan halin da muke ciki. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin su tiramadol da kodin ba bisa ƙa'idar likita ba. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona asirin cinikin. Ƙofofin shiga wannan masifa suna da yawa, kuma ni a ganina ciwon da ba a gane shi ba yana cikinsu. Matashi na fama da ɓarin kai, farasitamol bai yi ba, aboki ya ce ga mai ƙarfi. Alhali tiramadol da kodin ba su cikin magungunan da masana ke so a ba mai ciwon ɓarin kai, suna ma ƙara masa naci.

Mata su suka fi shan wahalar wannan rashin sani. Kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana da ciwon ɓarin kai, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku, da yawansu yana taso musu ne dab da al'ada. Yarinya ta ce tana ganin walƙiya, hannunta ya mutu, ta shige ɗaki ta rufe taga, sai a ce raki ne, ko ƙyuyar aiki, ko iska ce ta taɓa ta. Addu'a dai kullum alheri ce, amma a haɗa da kai ta asibiti. Kuma mace mai irin wannan walƙiya ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin, domin haɗuwar biyun tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Kafin in rufe, akwai ciwon kan da ba ya cikin biyun nan, kuma ba a jira da shi. Wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ka taɓa ji ba. Wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, mu da muke yankin sanƙarau mun san abin da annobar 1996 ta yi a Arewa. Wanda ya zo da karkacewar baki, raunin hannu ko ƙafa, ruɗewa ko farfaɗiya. Wanda ya biyo bayan buguwa a ka. Sabon ciwon kai ga mai juna biyu, musamman da kumburi ko dishi-dishin gani, don yana iya zama alamar jijjiga. Da sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50. Waɗannan asibiti ne kai tsaye. Zazzaɓi da ciwon kai kuma a yi gwajin maleriya tukuna.

Abin da nake roƙon ku shi ne ku ɗauki littafi ko wayarku, ku rubuta duk ranar da kai ya yi ciwo har wata biyu: wane gefe, awa nawa, da amai ko babu, me kuka sha, yaya barcinku, ko kun tsallake abinci ko shayin da kuka saba, kamar yadda yake faruwa da mutane da yawa a farkon azumi. Ku tafi wa likita da wannan. Sannan mu matsa wa shugabanni lamba. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka sumatriptan cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Haƙƙinmu ne mu tambayi kwamishinonin lafiya da 'yan majalisarmu ko yana cikin asibitocinmu, kuma ko an koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis waɗannan 'yan tambayoyi na 1988, waɗanda yin su bai fi minti biyar ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ku tura wa wanda kuka san yana fama da wannan ciwo. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.